Dokar gwajin direbobin manyan motoci bayan haɗari a Amurka

A Amurka, idan direban babbar mota ko bas ɗin haya ya yi haɗari, dokar tarayya ta ɗora wa kamfanin da yake wa aiki nauyin kai shi gwaji, domin a gano ko akwai barasa ko miyagun ƙwayoyi a jikinsa. Tushen tsarin wata doka ce da majalisar ƙasar ta zartar a 1991, shekarar da wani matuƙin jirgin ƙarƙashin ƙasa a birnin New York ya yi tuƙi cikin maye har jirgin ya goce daga layinsa, mutum biyar suka rasu.

Ba kowane haɗari ke jawo gwaji ba. Idan an yi asarar rai, gwaji ya wajaba ko da direban ba shi da laifin komai, kuma a ganina wannan adalci ne, domin sakamakon da ya wanke shi yana rufe bakin masu zargi, iyalan mamaci ma su samu natsuwa. Idan kuwa rauni aka ji har aka garzaya da wani asibiti, ko mota ta lalace har sai da aka janye ta, gwajin ba ya wajaba sai in ɗan sanda ya rubuta wa direban takardar laifin tuƙi.

Inda dokar ta fi tsanani shi ne lokaci, saboda jiki yana ƙone barasa awa bayan awa, shaidar da aka yi jinkirin ɗauka kuwa ta tafi ke nan. Ana so a yi gwajin barasa cikin awa 2. Idan hakan bai samu ba, kamfani zai rubuta dalili ya adana, idan kuma awa 8 ta wuce sai a daina nema. An hana direban shan barasa a cikin wannan awa 8 sai in an riga an gwada shi, don kada ya kurɓa daga baya ya ce firgici ne ya sa shi. Gwajin ƙwayoyi, wanda akan yi da fitsari, yana da wa'adin awa 32, kuma ana neman wiwi, hodar iblis, amfetamin, PCP (wata ƙwaya mai gusar da hankali) da dangin kodin. Wiwi haramun ce ga waɗannan direbobi har a jihohin da suka halatta ta. Duk da tsananin wa'adin gwajin, ba a yarda a jinkirta jinyar wanda ya ji rauni saboda gwaji ba.

Ma'aunin barasa a jini da ya kai 0.04, wato rabin abin da akasarin jihohi suka yanka wa mai ƙaramar mota, ya isa a sauke direba daga sitiyari. Wanda ya ƙi gwaji, ko ya sulale daga wurin ba tare da uzuri ba, hukuncinsa ɗaya da wanda gwaji ya kama. Tun daga Janairun 2020 ana shigar da sunan duk direban da gwaji ya kama ko ya ƙi gwaji cikin rumbun bayanai na FMCSA, hukumar tarayya mai sa ido kan sufurin manyan motoci, rumbun da dole kowane kamfani ya duba kafin ya ɗauki direba, kuma ba zai koma tuƙi ba sai ya ga ƙwararre kan shaye-shaye, ya bi abin da aka tsara masa, ya kuma ci sabon gwaji.