Waiwaye: Tsibirin Lete da wasiƙar 1914

Tun da zirga-zirga ta tsaya a gadar Gaya da Malanville a 2023, da wuya ka zauna a wata fada a Damagaram ba a taɓo zancen Benin ba. 'Yan kasuwar Dole na lissafin kuɗin mota ta hanyar Lome, matasa kuwa na magana kamar yanzu ne kogin ya fara shiga tsakaninmu. Amma gardamar bakin ruwan nan ta girmi 'yancin kanmu, kuma tsibirin Lete ne shaida.

Lete na cikin kogin Isa, wato kogin Kwara, sama da Gaya, girmansa kusan murabba'in kilomita 40. Shi ne babba cikin tsibirai 25 da ke tsakanin mahaɗar kogin Mekru da iyakar Najeriya. Wasunsu ƙanana ne, ba mai kwana a kansu, sai tsuntsaye da dorinar da ke fitowa kiwo da dare. Arzikin wurin burgu ne, ciyawar ruwa da ke riƙe shanun Fulani idan rani ya ƙone daji.

Dokar Turawan Faransa ta 23 ga Yuli 1900 ta kafa yankin soja na uku da hedikwata a nan Damagaram, daga Say zuwa tafkin Chadi. Dokokin 1934 da 1938 suka ce kogi ne iyaka da Dahome, wato Benin ta yau, ba tare da sun ce ina a cikin kogin ba. A Yunin 1960 an yi asarar rayuka a tsibirin, a ƙarshen 1963 rikici ya kai ga toshewar hanyar Kwatano, a 1965 aka sasanta a Yamusukuro. Wannan duk an sha faɗa.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne wasiƙar 3 ga Yuli 1914. Kwamandan Gaya na lokacin, Sadoux, yana da matsala ta yau da kullum: makiyayi ya ƙetara da garkensa, wa zai ba shi takardar izinin kiwo? Saniya ta shiga gona a tsibiri, wace kotu za ta yi shari'a? Sai ya rubuta wa maƙwabcinsa na ɓangaren Dahome, ya jera tsibiran ɗaya bayan ɗaya, ya ce a bi reshen kogi mafi zurfi, wanda jirgi ke bi. Abin da ya faɗo hagu na Nijar ne, na dama na Dahome. Lete ya faɗo hagu.

Wasiƙar ba doka ba ce, fahimtar juna ce tsakanin maƙwabta biyu. Duk da haka shekara 40 ana aiki da ita, Gaya na karɓar haraji a Lete, makiyaya sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. A ganina, nan ne gizo ke saƙa: tsarin da ya zaunar da mutane lafiya bai taɓa shiga kundin doka ba. Shi ya sa da wata wasiƙa ta fito a Agustan 1954 tana kai iyakar har gaɓar hagu, wato tana bai wa Dahome Lete, aka wayi gari kowane ɓangare na riƙe da takardarsa, shekara 6 kacal kafin 'yanci.

Ƙasashen biyu suka yarda a 2001 su kai maganar Kotun Duniya da ke Hague. Ranar 12 ga Yuli 2005 alƙalai suka koma ga ma'aunin 1914, wato reshe mafi zurfi kamar yadda yake a 1960. Nijar ta samu tsibirai 16 har da Lete, Benin ta samu 9. Kotun ta kuma bayyana cewa rabon bai taɓa haƙƙin mallaka da mutane ke da shi a kan tsibiran ba.