Lokacin da Asibitin Birtaniya Ya Fi Gida Haɗari

A zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, talakan Birtaniya yana jin tsoron kwanciya a babban asibiti, kuma tsoronsa yana da hujja. A shekarar 1869 likita James Simpson na birnin Edimbara ya tattara bayanan mutane sama da 2,000 da aka yanke wa hannu ko ƙafa a manyan asibitoci, ya kwatanta su da kusan adadin haka da aka yi wa aikin a gidajensu na karkara. A asibiti kimanin mutum 41 cikin 100 ne suka rasu, a karkara kuwa kimanin 11. Aikin iri ɗaya ne, kuma likitocin birni sun fi ƙwarewa, amma duk da haka a hannunsu aka fi mutuwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san aikin jinya a yau. Likita yakan tashi daga kan rauni mai mugunya ya taɓa sabon rauni ba tare da ya wanke hannu ba, da soso ɗaya ake goge majinyata da yawa, rigar tiyata kuwa takan bushe da jinin mutane daban-daban. Mata masu jego ma ba su tsira ba, domin a 1867 sai da aka rufe ɗakin haihuwar da fitacciyar ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale ta kafa a asibitin King's College na Landan saboda zazzaɓin bayan haihuwa. A wannan shekarar ce likitan tiyata Joseph Lister, wanda yake aiki a Gilasgo, ya bayyana yadda wanke rauni da kayan aiki da sinadarin karbolik yake hana ruɓewa, ko da yake manyan likitoci da dama sun daɗe suna yi masa taurin kai.

Gidajen masu taɓin hankali sun ɗanɗana tasu kuɗar ta wata fuska. Dokar 1845 ta wajabta wa gundumomi gina irin waɗannan gidaje, aka buɗe na Colney Hatch da ke kusa da Landan a 1851 da gadaje sama da 1,000, daga baya mutane suka yi masa yawa. Cunkoso da ƙarancin iska suka buɗe wa tarin fuka da atini ƙofa, har ya zama mutum yakan shiga da ciwon ƙwaƙwalwa, cutar huhu ko ta ciki ta yi ajalinsa.

A ganina, ƙidaya ce ta fara tona asirin wannan ɓarna. Tun 1837 ake rajistar mace-mace a Ingila, masanin ƙididdiga William Farr yana tantance sanadinsu, kuma a 1847 birnin Libaful ya naɗa William Duncan jami'in lafiya na farko. Da alƙaluma suka bayyana, sai uzurin hukumomi ya ƙare.

Ƙwayoyin cutar da suka kashe waɗancan mutane suna nan har gobe, kuma da yawansu ta hannu suke bi. Saboda haka idan kuna jinyar ɗan'uwa, ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa shi da kuma bayan kun gama, kada ku buɗe bandejin rauni don nuna wa masu dubiya, ku rage cincirindo a bakin gado. Idan mai jego ta fara zazzaɓi, ko rauni ya kumbura yana wari, ku sanar da ma'aikacin lafiya a ranar, kada ku bari sai gari ya waye.