Ƙumar maciji da ƙananan raunuka: ka fara da kejin

Idan macijin da kake kiwo ya koma kwana cikin kwanon ruwansa, kada ka ɗauka sanyi kawai yake nema. Ɗago shi ka leƙa gindin kwanon. In ka ga baƙaƙen ɗigo kamar barkonon da aka barbaɗa, to ƙuma ce ta nutse a ciki. Masana suna kiranta Ophionyssus natricis, dangin kaska ce, jini take sha. Tana maƙalewa a gefen ido, da lanƙwasar fata ta ƙarƙashin haɓa, da wajen dubura. Ka shafa farar takarda mai ɗan laima a jikinsa, za ka gan su suna tafiya, wasu ja saboda jinin da suka sha.

Abin da ya fi damuna a aikin nan shi ne yadda mutane ke wanke maciji tas, sannan su mayar da shi cikin kejin da ya fito. Ƙumar ba a jikinsa take ƙwai ba. Sauka take yi ta saka su a tsagar katako da lungun keji, kuma daga ƙwai zuwa babba kwana 13 zuwa 19 ne kawai. Bayan sati biyu sai ka ga kamar ba ka yi komai ba. Don haka a zubar da shimfiɗar gaba ɗaya, haka ma itacen hawa da duk wani abu mai ramuka. A wanke kejin da ruwan zafi da ya haura digiri 50, a bar shi ya bushe, a shimfiɗa farar takarda ana canza ta kullum, don duk wadda ta dawo a gan ta. A ci gaba da haka har sati shida, domin babbar ƙuma kan rayu kusan kwana 40.

Shi kuwa macijin, a jiƙa shi cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi marar zurfi na minti 20 zuwa 30, kana tsaye a kansa. Don Allah kada a fesa masa maganin sauro, ko a shafa masa na ƙumar kare. Suna taɓa jijiya, suna kisa. Maganin da ya dace likitan dabbobi ne zai auna shi da nauyin macijin. Aibamektin ma, maganin da ake amfani da shi wajen kashe ƙumar, guba ne ga kunkuru, sai mai kunkuru a gida ya kiyaye.

In aka yi sake, ƙuma na jawo ƙarancin jini, ta hana saɓa fita yadda ya kamata, cizonta kuma ya zama ƙofar ƙwayar cuta.

Ƙananan raunuka yawanci cizon ɓera ne mai rai da aka bari a keji, ko ƙuna daga fitilar ɗumama, ko goga hanci a jikin wayar keji. A sirka aidin, maganin wanke ciwo, da ruwa har ya yi kalar shayi marar ƙarfi, a wanke wurin sau ɗaya ko biyu a rana. Kada a shafa man ciwo mai ɗauke da maganin kashe zafi irin su lidoken. A tabbata kejin a bushe yake kuma da ɗumin da ya dace da jinsin macijin, domin jikinsa ba ya warkewa cikin sanyi. Sai an yi haƙuri, tabo kan ɗauki saɓa da yawa kafin ya dusashe.

Amma rauni mai zurfi, ko kumburi, ko wari, ko fatar cikinsa ta yi ja tana ruɓewa, ko maciji ya daina cin abinci, wannan ya wuce aikin gida. Mugunyar maciji kauri gare ta kamar cuku, ba ta tsiyayewa da kanta, sai likita ya fitar da ita.

Sabon maciji a killace shi wata uku a ɗaki daban, da kayan aikinsa daban. Kuma duk lokacin da ka taɓa maciji ko kejinsa, wanke hannu da sabulu, saboda suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa mutum gudawa.