Idan muryar yaro ta dishe, ku bar shi ya yi shiru

Da zarar makarantu sun shiga hidimar biki, mu da ke sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibiti mun san abin da ke tafe. Ko walimar saukar Alƙur'ani ce, ko Maulidi, ko bikin yaye ɗalibai, ko shagalin ranar yara ta 27 ga Mayu, ko waƙoƙin Kirsimeti na 'yan kwaya, labarin ɗaya ne. Za a kawo yarinya murya a dishe, sallama ma da ƙyar take fita, sai uwa ko malami ya ce: "Sista, a taimaka a ba ta abin da zai buɗe mata murya, jibi ne taron, kuma ita ce mai ba da waƙa." Ba a cika tambayar me ya sami yarinyar ba. Abin da ake so a ji shi ne yaya za a yi ta riƙe makirufo jibi.

To, bari in faɗa tun daga nan: murya idan ta dishe hutu take nema. Yaron da ya tashi da disasshiyar murya ba ya waƙa, ba ya ƙira'a da ƙarfi, ba ya amshi, har sai ta dawo. Wannan kaɗai nake roƙo, kuma shi ne abin da ake ƙi yi.

Ni ba na adawa da waƙa a makaranta. Ina son jin yara suna rera ƙasida a Islamiyya, ina son darasin al'adu da fasaha da ake koya musu waƙa da kiɗa a firamare da ƙaramar sakandare. Yaro mai kunya yakan ware a ajin waƙa, mai wuyar hadda yakan riƙe karatu idan aka sa masa shi a baiti. Malaman da ke wannan aiki, yawanci ba tare da ko sisin ƙari a albashi ba, Allah ya saka musu. Amma Malam, tsakani da Allah, me ya sa kullum kalmarka ita ce "Ban ji ba! Ku ɗaga murya! Ba ku karya ba ne?" Yara su yi ta tsala ihu har jijiyoyin wuyansu su fito raɗa-raɗa, sannan ka ce yawwa, yanzu kuka yi waƙa. Ihu daban, waƙa daban. A yi haka da safe a layin taken ƙasa, a yi a aji, a dawo bita da yamma har magariba, sati biyu ko uku a jere. Wace murya ce za ta ɗauka?

Abin ba shi da wuyar ganewa. A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani guda biyu, su ne ke haɗuwa suna kaɗawa idan muna magana. A yaro suna kaɗawa sama da sau 200 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan an matsa musu sai su kumbura, kumburin nan shi ne dishewar da kuke ji. Idan aka huta, sai ya saɓe cikin 'yan kwanaki. Idan aka ci gaba da waƙa a kan kumburin, sai wurin ya yi kanta irin ta hannun manomi da ya sha fartanya. Daga nan murya ta koma gwargwar, ba ta hawa sama, tana yankewa a tsakiyar baiti, kuma gyaranta sai an yi watanni ana koya wa yaro sabuwar hanyar magana. Akwai ma wanda ƙaramar jijiyar jini ke fashewa a kan tantanin, yana cikin waƙa murya ta ɗauke ɗif.

Kuma abin takaici, wanda ya fi kowa murya shi ake fara kashe wa murya. Yarinyar da Allah ya ba zaƙin murya ita ce a walimar ajinsu, ita ce a ta ajin ƙannenta, ita ake ara wa makarantar maƙwabta, ita ce kuma a bikin 'yar gwaggo. Kowa na alfahari da ita, ba mai ce mata ta zauna ta huta.

Sai maganar dabarun da ake yi don a kauce wa hutun. Na san su duka. A cika mata aljihu da Tom Tom. A dafa citta da kanumfari da lemun tsami. A ba ta namijin goro ta yi ta tauna. Wasu har ɗanyen ƙwai suke fasawa yaro ya kwankwaɗe. Hajiya, abin da aka haɗiye hanyar abinci yake bi ya wuce ciki, ba ya ratsa wurin da murya take, don wurin nan hanyar iska ce. Shayin citta mai ɗumi da zuma ba laifi, yana sanyaya rai, yana rage kaikayin maƙoshi, ku ba ta ta sha. Amma ba ya sauke kumburi. Alewar nan mai sanyi kuwa ɓoye zafin take yi, yarinya ta ji kamar ta warke, ta koma ta ƙara matsa wa wurin da ke ciwo. Ɗanyen ƙwai babu abin da yake ƙara wa murya, sai dai ya jawo gudawa da amai.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na kemis. A je a ce "a ba ni maganin buɗe murya," a haɗo ƙwayoyi a leda babu suna. Idan muka duba sai mu tarar da dexamethasone ko prednisolone, irin ƙwayoyin nan da wasu mata ke sha don ƙiba. Wani lokaci har allura ake yi wa yaro daren taro. I, kumburi zai ɗan lafa, murya ta fito na kwana ɗaya. Amma ciwon yana nan, an dai rufe masa baki ne, kuma a irin wannan halin ne aka fi yi wa murya mummunan lahani. Waɗannan magunguna idan aka saba da su suna tayar da sukari da hawan jini, suna raunana garkuwar jiki, suna iya tauye girman yaro. Ko likitan maƙogwaro ba ya rubuta su don murya sai ya leƙa ya ga abin da ke ciki. Kai kuma ka saya a kanti ka ɗura wa ɗan shekara goma saboda waƙar minti biyar? Haba jama'a.

Haka Amoxil da Ampiclox da ake ɗirka wa yara. Yawancin dishewar murya daga mura ce ko daga wahalar da ita, kuma waɗannan ƙwayoyi ba su da aiki a ko ɗaya. Piriton da magungunan mura irinsa suna busar da maƙoshi. Asfirin kuwa ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 sai da umarnin likita, kuma yana sa jini ya yi saurin tsinkewa. Sannan don Allah kada a kai yaro wurin wanzami a ce beli ne ya toshe masa murya. Beli yana sama can bayan ganɗa, murya tana ƙasa a maƙogwaro, ba ruwan wannan da wancan. Mun ga yaran da aka kawo suna zubar da jini bayan an cire, murya kuma tana nan yadda take.

Na san abin da za ku ce. An riga an buga kati, an gayyaci hakimi, an ɗinka anko, an yi hayar rumfa da lasifika, kuma ba wanda ya iya waƙar sai ita. Na ji, kuma na san kunyar da ake gudu. Amma laifin wa ne da ba wanda ya iya sai ita? Tun ranar da aka fara bita ya kamata a ce kowace waƙa tana da masu bayarwa biyu ko uku. Idan ɗaya ta gaza, ɗaya ta karɓa, ita kuma ta tsaya a sahu da ankonta, ta yi tafi, a ɗauke ta hoto. Baƙi ba za su san an yi canji ba.

Iyaye, ku ma kuna da naku. Yarinya ta dawo daga bita murya a shaƙe, a gida kuma a ce ta rera wa baƙi, a ɗauka a waya a sa a WhatsApp. Ko a aike ta ta ƙwala wa ƙaninta kira daga ƙofar gida. Hutun murya yana nufin ta rage magana gaba ɗaya, abin da ya zama dole ta faɗe shi a hankali da muryarta ta yau da kullum. Kuma ban da raɗa. Mutane suna ɗauka raɗa hutu ne, alhali matse maƙogwaro ake yi a fitar da ita. Ban da yawan gyaran murya da kakari, duk lokacin da ta ji kamar ta yi, ta kurɓi ruwa.

Akwai samarin da nake tausaya wa ƙwarai, 'yan shekara 12 zuwa 15, lokacin da murya ke fashewa. Yaron da bara yake hawa sama kamar sarewa, bana ya buɗe baki murya ta karye masa a gaban aji, a yi ta dariya. Malam ya ce ya lalace, ko ya ce iskanci ne, ya sa shi ya maimaita har sai ya kai inda yake kaiwa da. Ba zai kai ba, Malam. Maƙogwaronsa girma yake yi, muryar da kuwa ta tafi ke nan. A sauke masa waƙar zuwa inda yake iyawa ba tare da yunƙuri ba, a mayar da shi cikin masu amshi na ɗan lokaci, kada a kore shi, kada kuma a matsa masa. Mahaddata masu shirin musabaƙa su ma haka. Gasar nan ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986 ta sa yara da yawa sun dage da karatu, abin farin ciki ne. Amma tilawa da ƙarfi tun asuba har dare da murya a dishe ba ta ƙara hadda. A kwanakin hutun ya saurari karatu, ya bi da ido a Mus'hafi.

Lokacin hunturu abin ya fi muni. Iska a bushe, ƙura ko'ina, yara da mura, ba sa jin ƙishi balle su sha ruwa, a kuma tsayar da su a fili da sanyin safiya a ce su ɗaga murya. A ƙara da hayaƙin murhu da na turaren wuta da na maganin sauro a ɗaki rufe. Manyan ɗalibai da suka fara shisha ko sigari kuma suna son su zama mawaƙa, sai su zaɓi ɗaya.

Ga abin da za a yi, a taƙaice:

- Ruwa kusa da yaro duk lokacin bita, ya riƙa kurɓa. Da azumi a rage bitar, a sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur.
- Kafin a fara, minti biyar na ɗumama murya: baki rufe a yi "mmm" a hankali, a kaɗa leɓe yadda yara ke kwaikwayon babur, a fara da waƙa mai sauƙi.
- Numfashi daga ciki, kafaɗa a sake, ban da miƙe wuya sama.
- Bita kada ta wuce rabin awa ba a tsaya ba, ƙanana ma ƙasa da haka.
- Idan akwai lasifika a bar ta ta yi aikinta. A rage kiɗa, a nisanta janareta, don yaro ya ji kansa.
- Ban da cika ciki da yaji a kwanta nan take, ƙwannafi yana ƙona maƙogwaro.
- Barci isasshe. Murya ta dishe, a daina waƙa a ranar, ba gobe ba.

Malamai, wannan jerin har da ku. Mai aji cike maƙil da yara, yana ihu daga safe zuwa azahar, shi ma muna ganinsa a layinmu. Ku nemi ƙararrawa ko ku yi tafi idan kuna son a yi shiru.

Dishewar da ta wuce sati uku ba ta warware ba, ko wadda ke tafiya tana dawowa duk zango, a kawo a duba. Akwai 'yar kyamara da ake leƙa maƙogwaro da ita, ba ta ɗaukar lokaci. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, haka Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda yake nesa ya fara da asibitin da ke kusa, su rubuta masa takardar turawa. Babba mai shan taba da muryarsa ta canza ta ƙi dawowa, shi kam kada ya tsaya jira.

Amma idan dishewar ta zo da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, ko yaro yana numfashi da ƙara, ko ya kasa haɗiyar yawu, wannan ba maganar waƙa ba ce. Mashaƙo yana iya zuwa da waɗannan alamu, kuma ba mu manta da yadda ya yi ɓarna a Kano da jihohin maƙwabta a 2023 ba. Ko da tsakar dare ne a ɗauko shi zuwa asibiti, a taho da katinsa na rigakafi, sauran 'yan ajin kuma a sanar da iyayensu.