Manuniya mai zamewa a fatsar ruwa mai zurfi

Manuniya mai zamewa wata 'yar alama ce mai tsayuwa a kan ruwa, wadda masu kamun kifi da sandar fatsa ke sa wa zarensu idan zurfin ruwa ya kai ko ya wuce tsawon sandar. Aikinta ɗaya ne da na guntun karan da yara ke ɗaura wa zaren fatsa a bakin kogi, wato ta riƙe ƙugiya a zurfin da ake so, ta kuma nuna lokacin da kifi ya taɓa koto. Abin da ya bambanta ta shi ne ba a ɗaure ta wuri ɗaya. Zare yana bi ta cikin wani ɗan zobe da ke gindinta, sai ta yi ta hawa har ta tarar da wani ƙaramin ƙulli da aka yi a kan zaren, ta tsaya. An fi saninta a Ingila da Ireland wajen kamun kifayen ruwan daɗi da ba salmon ko tirawut ba, irin su birim, roc, tenc da fayik, waɗanda a can yawanci ake kama su don wasa da gasa, a auna su, a mayar da su ruwa da rai.

Matsalar da take warwarewa

Sandar da aka saba amfani da ita a gasar fatsa a Ingila tsawonta ƙafa 13 ne, kusan mita 4. Idan ruwa ya kai ƙafa 20, kifin kuma yana kiwo a ƙasa, manuniyar da aka ɗaure za ta kasance ƙafa 20 daga ƙugiya. Irin wannan ba ta jifuwa. Ko an yi dabara an jefa, kifi ya kamu, manuniyar za ta zo ta cije a zoben kan sanda alhali kifin yana can nesa da koma. Da mai zamewa kuwa, lokacin jifa manuniya da nauyi da ƙugiya duk suna tattare cikin abin da bai wuce mita ɗaya da rabi ba, ƙullin kuma ya shige ta zobban sanda har cikin manaɗi, wato abin naɗe zare da ke gindin sanda. Sai bayan kayan sun faɗa ruwa zare ke warwarewa ya kai zurfin da aka auna.

Tarihi

Manuniyar fatsa tsohuwar aba ce a Ingila. Wata maƙala kan kamun kifi da aka buga a 1496, wadda ake dangantawa da Juliana Berners, ta bayyana yadda ake feƙe ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, a huda shi, a zura masa karan gashin tsuntsu. Daga baya aka yi ta amfani da gashin dinya, da na ɗawisu, da ƙayar beguwa.

Mai zamewa ana danganta ta da masuntan Nottingham na Kogin Trent a Ingila, kusan tsakiyar ƙarni na 19. Su ne suka yi suna da manaɗin katako mai juyawa babu tangarɗa da zaren siliki siriri, suna sakin koto ya bi ruwa zuwa nesa. A wuraren da kogin ya yi gurbi mai zurfi sai suka riƙa sa manuniya 'yar lanƙwasa mai zobe biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Abin tsayar da ita a wancan zamani guntun roba ne ko wani ɗan tsinke da ake ɗaurawa a zare. Yana aiki, amma yana yawan maƙalewa a zobban sanda, shi ya sa dabarar ta daɗe tana zaman ta 'yan kaɗan.

A daidai wannan lokaci ne fatsa ta zama wasan ma'aikatan masana'antu. Jirgin ƙasa na kwasar mutanen Sheffield da Birmingham zuwa koguna a ranakun hutu, ƙungiyoyinsu suka yawaita, gasa ta kankama. Dokar 1878, wadda ake kira da sunan A. J. Mundella, ɗan majalisa mai wakiltar Sheffield, ita ce ta fara sa lokacin hana kamun waɗannan kifaye domin su hayayyafa. An kafa tarayyar masu fatsa ta ƙasa a 1903. Gasa ce ta sa aka dinga tace kayan aiki, domin wanda ya iya kai koto ƙasan ruwa mai zurfi da sauri shi ke tara kifi.

Abubuwa biyu suka share wa dabarar hanya. Na farko manaɗi mai tsayayyen kai, wanda Alfred Illingworth ya yi wa rajista a 1905, mai barin zare ya fita da kansa ba tare da wani abu ya juya ba. Na biyu zaren nailon, wanda ya yaɗu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mai santsi, mai bi ta ƙaramin zobe ba gardama.

Wanda ya haɗa waɗannan wuri ɗaya shi ne Billy Lane, mai shagon kayan fatsa a Coventry. Ya ƙanƙance zoben manuniya har ya zama zare kaɗai ke iya wucewa, sannan ya maye gurbin guntun roba da ƙulli na nailon wanda ake iya matsar da shi sama ko ƙasa. Gyara ne ɗan ƙarami a ido, amma shi ne ya mai da manuniya mai zamewa abin da kowa zai iya jefawa nesa. A 1963 Lane ya ci gasar fatsa ta duniya a Kogin Moselle da ke Luxembourg da wannan dabara, ya zama Bature ɗan Ingila na farko da ya ɗauki kambin. Har yau masu fatsa da yawa da sunansa suke kiran ƙullin. Nasarar Ian Heaps, wani ɗan Ingila, a gasar duniya a Poland a 1975 ita ma ana danganta ta da manuniya mai zamewa.

Ire-irenta

Ta ruwan da ba ya gudu zobe ɗaya gare ta a gindi. Tana da dogon wuya na gashin ɗawisu ko wani siririn kara, da jiki mai kauri na itacen balsa marar nauyi a ƙasa, don iska ta kasa ture ta. Ta kogi zobe biyu gare ta. Ta kamun fayik babba ce, zare na bi ta tsakiyarta. Akwai kuma wasu na zamani, kamar Polaris, masu kulle kansu idan an ja zare ya miƙe, ba sa bukatar ƙulli.

Yadda ake haɗa ta

Daga sama zuwa ƙasa, abin da ke kan zare shi ne ƙulli, sai ɗan ƙwallo mai huda idan zoben manuniyar ya yi faɗi, sai manuniyar, sai babban nauyi, sai ƙananan ƙwayoyin nauyi biyu ko uku, sai ƙugiya.

Ƙullin shi ne zuciyar aikin. Ana yanko guntun nailon kamar santimita 15, a ninka shi a kwantar a jikin babban zare, a ɗauki baki ɗaya a naɗe zaren da ɗaya bakin sau biyar ko shida, a zura ta cikin madauki, a jiƙa da miyau, a ja a hankali har ya kama. Ana so ya riƙe, amma ya matsa idan an tura shi da yatsa. Jelarsa biyu ba a yanke su ƙurmus. Ana barin kamar inci ɗaya ko fiye, domin doguwar jela tana kwanciya ta wuce zobban sanda lafiya, gajera kuwa tsayawa take kamar ƙaya tana cije kowane zobe. Duk sanda za a matsar da ƙullin sai an sake jiƙa zare, in ba haka ba gogayya ta ƙona nailon ya tsinke a kan babban kifi.

Nauyi kuma dole ya isa. Ƙwayoyin da ake matsewa a zare suna da ma'auni sananne: SSG giram 1.6, AAA giram 0.8, BB giram 0.4, lamba 8 kuma kimanin giram 0.06. Manuniya mai zamewa ba ta son rowar nauyi, domin nauyin ne ke jan zare ta cikin zobe. Yawanci ana farawa daga wajen giram 5, a ƙara gwargwadon zurfi da nisa da ƙarfin iska. Ana tara mafi yawansa wuri ɗaya, kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi sama da ƙugiya, ko a sa dunƙule guda mai siffar ƙwallon dabino. Ƙananan ƙwayoyin da ke ƙasa su ne ke kai koto a hankali, su ne kuma ke isar da saƙon cizo.

A kan inda manuniya za ta zauna lokacin jifa akwai saɓani. Wasu na barin ta kan babban nauyi, wasu na sa mata wata ƙwaya daban a sama. Kowane ɓangare na cewa nasa ne ke rage sarƙewa. Haka ma ake saɓani kan manuniya mai ɗan nauyi a gindi da marar shi.

Tun 1987 dokar Birtaniya ta hana dalmar fatsa da nauyinta ya wuce giram 0.06 har zuwa giram 28.35, bayan da aka gano tsuntsayen ruwa masu dogon wuya da ake kira suwan suna haɗiye ta suna mutuwa. Ƙwayoyin yanzu na kuza ne ko wasu ƙarafa marasa guba, sun kuma fi dalma tauri, don haka ana matse su da lura kada su ji wa zare rauni.

Yadda ake aiki da ita

Kafin komai sai an auna zurfi. Ana rataya dunƙulen awo a ƙugiya, a jefa inda za a yi fatsa. Idan manuniya ta nutse, ƙulli ya yi ƙasa, sai a ɗaga shi. Idan ta taso ta kwanta, ya yi sama. Haka za a yi ta gyarawa har kanta kaɗai ya rage a waje. Mai neman birim yakan ƙara 'yan inci don koto ya kwanta a ƙasa.

Jifa ana yin sa a natse, ba da fizga ba. Daf da kayan za su faɗa ruwa sai a taɓa bakin manaɗi da yatsa, zare ya ɗan tsaya, ƙugiya ta wuce gaba ta miƙe. Daga nan a bar manaɗi a buɗe. Mai kallo zai ga manuniyar ta kwanta ko ta tsaya tsololo, zare na zuba ta gindinta, sannan ƙulli ya iso ta nutsa zuwa wuya, ƙananan ƙwayoyi su sauka ɗaya bayan ɗaya ta ƙara zama. Idan aka rufe manaɗi da wuri, nauyin zai janyo manuniyar baya ta bar inda aka zuba abinci. Bayan ta zauna ana tsoma kan sanda cikin ruwa a nutsar da zare don iska ta daina jan sa.

Cizo iri biyu ne. Ko manuniya ta nutse, ko ta taso. Na biyun ya fi yawa wajen birim da tenc, domin sukan sunkuya su ɗauki koto su ɗago, nauyin ƙwayar ƙarshe ya bar kan manuniya, wuyanta ya fito fili. Mai lura da yadda take zama bayan jifa zai kuma gane idan kifi ya tare koto a hanya, don za ta makara wajen nutsawa. Ana ɗaga sanda da faɗi idan za a kafa ƙugiya, saboda zare yana yin kwana a wurin manuniya kuma yana da tsawo.

Koto tsutsa ce, ko tana, ko ƙwayar masara. Abincin jawo kifi ana dunƙula shi da ƙarfi yadda zai kai ƙasa kafin ya watse, a harba da danƙo.

Amfaninta a yau

A tafkuna, madatsun ruwa da ramukan da aka haƙi tsakuwa a Ingila, da manyan tafkunan Ireland, masu fatsa da yawa sun koma ga ɗan kejin abincin kifi da ake ɗaurawa a zare a jefa ƙasan ruwa ba tare da manuniya ba. Dabarar mai zamewa tana nan da rai a gasar duniya ta fatsa da manuniya, inda doguwar sanda marar manaɗi ba ta wuce mita 13, kifin da ya yi nisa cikin zurfi kuwa sai da mai zamewa. A Amurka ana amfani da irinta a tafkuna wajen kamun kifin walay. A kogunan Ingila da Wales an hana kamun waɗannan kifaye daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, kuma duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasisi.