Tambayoyin da ɗalibai ba sa gajiya da yi kan ilimin zamantakewa

Mene ne ilimin zamantakewa?

Nazarin yadda mutane ke zama tare: aure, kasuwa, unguwa, sarauta, talauci. Shi ke nan.

Ba ɗaya yake da ilimin halayyar ɗan Adam ba?

A'a. Wancan mutum guda yake dubawa. Mu idan auren Malam wane ya mutu ba ruwanmu. Idan aure ya riƙa mutuwa a unguwa guda, to nan aikinmu ya fara.

Ai ilimin Turawa ne, ko?

Wannan tambayar ta ishe ni. Auguste Comte na Faransa ne ya raɗa masa suna a 1838, gaskiya ne. Amma tun 1377 Ibn Khaldun, haifaffen Tunis, ya rubuta littafin Muƙaddima, yana bayanin yadda asabiyya, wato haɗin kan dangi da ƙabila, ke kafa daula, in ta yi rauni daular ta rushe. Ku je ku karanta tukuna.

Ina son yin bincike kan matan aure masu sana'a a gida a cikin birni. Ta yaya zan shiga?

To, ya danganta. In namiji ne kai, zaure ne iyakarka, sai ka nemi ƙanwarka ko wata ɗaliba ta shiga madadinka, ita ma da izinin maigida. Kafin nan ka fara gaida mai unguwa da takarda daga sashenku. A wasu unguwannin limami ya fi saurin buɗe maka ƙofa. Ka faɗi tun farko cewa ba tallafi ka kawo ba, ba kuma haraji ka zo ƙirga ba. In ba haka ba, mai ƙosai za ta rantse ba ta samun ko sisi. Kada ka tambayi riba kai tsaye. Ka tambayi mudu nawa na wake take jiƙawa, wa ke kai mata talla, nawa take zubi a adashi. Duk da haka wata ba za ta faɗa ba, kuma haƙƙinta ne. Takardar tambayoyi da Turanci kuwa, ka bar ta a jaka, ka yi hira da Hausa.

Akwai lissafi a ciki?

Akwai. Da alƙaluma Durkheim, masanin zamantakewa ɗan Faransa, ya yi nazarin yadda mutane ke kashe kansu a 1897. Masu gudun lissafi ku shirya.

Ana samun aiki da shi?

Kwantar da hankalinka. Ƙungiyoyin agaji, hukumar ƙidaya, gidajen gyaran hali da ofisoshin jin daɗin jama'a duk suna ɗauka, musamman wanda ya iya tattara bayanai ya rubuta rahoto.