Waiwaye: Shari'ar Yara Biyar na Central Park da Fim Ɗin da Ya Tono Ta

Cikin daren 19 ga Afrilun 1989 aka far wa wata mata 'yar shekara 28 da ta fita gudun motsa jiki a filin shaƙatawa na Central Park, a birnin New York. An yi mata fyaɗe, an fasa mata kai. Ta kwana 12 ba ta san inda kanta yake ba, da ta farfaɗo kuma ba ta iya tuna komai ba.

Garin dama a tsorace yake, kisa da fashi da ƙwaya sun addabi jama'a. Nan da nan aka tsare yara biyar 'yan shekara 14 zuwa 16: Antron McCray, Kevin Richardson, Yusef Salaam, Raymond Santana da Korey Wise. Huɗu baƙar fata ne, ɗaya ɗan asalin Latin Amurka, matar kuwa farar fata. Jaridu suka laƙaba musu suna garken kyarketai. Ranar 1 ga Mayu, Donald Trump, lokacin yana attajirin gine-gine, ya sayi shafi sukutum a jaridu huɗu yana kiran a dawo da hukuncin kisa. Bai kama sunan kowa ba, amma kowa ya san da wa yake. Kafin a shiga kotu a 1990, gari ya gama yanke hukunci.

Wannan ne fim ɗin When They See Us, wanda Ava DuVernay ta shirya wa Netflix a 2019 cikin kashi huɗu, ya fito da shi fili. Ya daɗe a ɗakin tambayoyi, inda yara suka shafe awanni cikin yunwa da gajiya ba lauya, ana ce wa kowannensu ya faɗi abin da ake so ya tafi gida. Huɗu daga cikinsu suka amsa laifi a gaban kyamara, daga baya suka janye. A zaman kotun, mai kallo yana ganin yadda maganganun nasu suke cin karo da juna, yana jin cewa gwajin ƙwayoyin halitta bai dace da ko ɗaya cikinsu ba, amma a waje mutane na ihu, talabijin na ta maimaita fuskokinsu. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda uwa take zaune tana kallon attajiri a akwatin talabijin yana maganar da ta shafi ran ɗanta, ba ta da bakin mayar masa.

Duka aka ɗaure su. Wise, da aka yi wa shari'a a matsayin baligi, ya shafe kimanin shekara 13 a kurkukun manya. Sai a 2002 wani fursuna mai suna Matias Reyes ya ce shi kaɗai ya aikata, gwaji ya tabbatar, kotu ta wanke su a Disamban shekarar. A 2014 birnin ya biya su diyyar dala miliyan 41.

Abin da ya biyo bayan fim ɗin ma abin dubawa ne, domin fushin jama'a ya juya kan masu gabatar da ƙara. Kamfanin da ke buga littattafan Linda Fairstein ya rabu da ita, Elizabeth Lederer ta ajiye koyarwa a Jami'ar Columbia. Zuciyata tana tare da yaran nan, amma ban ji daɗin ganin an sake yanke hukunci da hayaniya ba, wannan karon a Twitter. Fairstein ta kai Netflix ƙara a 2020 kan ɓata suna, ta ce an sa mata kalaman da ba ta furta ba. Aka sasanta a 2024: ba a ba ta ko sisi ba, Netflix ya ba ƙungiyar Innocence Project, mai fafutukar wanke waɗanda aka ɗaure bisa kuskure, dala miliyan ɗaya.

Yusef Salaam kuwa, a 2023 mutanen unguwar Harlem suka zaɓe shi ɗan majalisar birnin New York.